Kujerun Motar Mahaifina

Motar da mahaifina ya bari doguwa ce, ƙirar Amurka, mai ƙofa biyu da inji mai gurnani kamar hadari ya taso. Bayan rasuwarsa ta yi shekaru a gindin darbejiyar ƙofar gidanmu a Kazaure, kaji na yin ƙwai a cikinta. Da na yi ritaya daga koyarwa sai na ƙuduri aniyar tashinta. Bakanike ya tada injin, mai fenti ya maido mata da jan launinta, amma cikinta wayam, babu kujera ko ɗaya.

Ranar kasuwa na tafi Babura, na sayo kujeru biyu masu taushi a hannun wani ɗan Nijar mai shigo da kayan mota. Na kai su wurin dattijon da duk garin ke kira Baba mai kujera, mutumin Filato ne, Kirista, wanda ya tsufa a Kazaure yana ɗinkin kujerun mota. Bai taɓa su ba tukuna. Ya ce a kai shi ya ga motar. Ya durƙusa a cikinta, ya share ƙasan da tafin hannu har ramukan noti suka fito, ya auna tsakaninsu da taƙi.

"Malam," in ji shi, "kujerunka masu kyau ne, amma ba nata ba ne."

Na ce, "Haba Baba, ai kujera kujera ce. A huda sabbin ramuka a ɗaure."

"Motarka ƙofa nawa gare ta?"

"Biyu."

"To mai shiga baya ta ina zai bi?"

Ya tura majinginar ɗaya daga cikin kujerun da na sayo, ko motsi ba ta yi ba. Kunya ta rufe ni. Ya yi mini bayani a hankali, ba tare da ya yi mini dariya ba. Kujerar irin wannan mota gajeriya ce saboda rufin ƙasa-ƙasa yake, majinginarta tana kifawa gaba, kuma ɗan ƙarfen da ake ja ta kifa yana ɓangaren ƙofa. Ya ce shi ba zai huda ƙasan mota mai lafiya ba sai an nemi na ainihin an rasa.

Mahaifiyata ce ta tuna inda kujerun motar na ainihi suka tafi. Da motar ta tsaya, mahaifina ya ba wani mai shayi a Roni ɗaya, ɗayar kuma ya ba amininsa Bafulatani a Gwiwa, wanda ke yi masa kiwon shanu. Baba ya rufe shagonsa ya bi ni, muka ɗora kujerun Babura a bayan motar haya.

A Roni muka tarar mai shayin yana da tsofaffin kujerun mota har uku a rumfarsa. Ni dai na nuna wadda ta fi kyan gani. Baba bai ko kalle ta ta sama ba. Ya nemi izini, ya kifa su ɗaya bayan ɗaya, yana auna ƙafafunsu. A kan mafi munin cikinsu ya tsaya, wadda aka lulluɓe da buhun taki. Ya ɗaga buhun, sai ga ragowar baƙar leda mai ɗinki layi-layi. Ya lalubi gefen dama, ya ja wani ƙarfe mai tsatsa, majinginar ta kife da ƙara.

"Ga ta fasinja," ya ce. "Saura ta direba."

Mai shayi ya karɓi sabuwa a madadinta yana ta murna, yana cewa yau ya ga inda ake canza tsohuwa da amarya.

A Gwiwa kuwa aminin mahaifina ya riga mu gidan gaskiya, matarsa muka tarar, tsohuwa tukuf, zaune a kan kujerar a inuwar ɗaki. Da na faɗa mata ɗan wane ne ni, sai da ta yi hawaye, ta sa aka dama mana fura. Baba ya duba, ɗinkin ya yi daidai da na waccan, ƙarfen kifawar yana hagu. Ya danna mazaunin, ya ce in taɓa. Sifirin ɗin ya lotsa ta gefe ɗaya.

"Mahaifinka yana tuƙi ne da gwiwar hannu a kan taga?" in ji Baba.

Haka kuwa yake tuƙi, kullum.

Matsalar ita ce ƙarafunan ƙasanta babu. Baba ya zana siffarsu a ƙasa da tsinke, ya ce, "Inna, ko kin taɓa ganin irin wannan?" Ta dubi zanen, ta tashi da sandarta, ta kai mu bayan gida. Da su aka tokare ƙofar garken 'yan maruƙa. Muka saro itace muka maye gurbinsu, muka bar mata ɗaya kujerar Babura a madadin tata.

Sati uku Baba ya yi yana aikin. Ya kankare tsatsa, ya canza soso, ya ƙirga layukan ɗinkin tsohuwar ledar ya maimaita su daidai a sabuwa. Ranar ɗaurawa kowane noti ya faɗa raminsa ba tare da an buga guduma ba.

Kujerar baya ce ba mu taɓa samu ba. Shi ya ƙera ta da hannunsa, ta yi kama da na gaban har ba mai iya bambancewa. Na ce masa ai shi ke nan, kowa zai ɗauka da ita motar ta zo. Ya ajiye almakashinsa ya dube ni.

"A'a Malam. Duk wanda ya tambaya, ka ce na gaba nata ne, ta baya aikin tsohon nan ne na Kazaure."

Haka nake faɗa har yau. Shi ne mutum na farko da na ɗauka a cikinta, na kai shi coci ranar Lahadi, jikokinsa mata uku a baya suna ta ihu duk sanda na taka mai.