Ciwon da Alhaji Garba Ya Ƙi Kiran Sunansa

Duk wanda ya san kakana Alhaji Garba dillalin shanu a Zangon Kwatano, a tsaye ya san shi. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake jin rediyo, a tsaye yake yi mana faɗa, wanda shi ne babban aikinsa tun da ya rage zuwa kara, kasuwar shanu. In tsofaffi suka shimfiɗa tabarma a ƙofar gida suka zazzauna, shi sai ya jingina da bango ya harɗe hannu a baya kamar jandarma mai gadin banki. A ce masa, "Alhaji, ga wuri," ya ce zama na ragwaye ne, shi da ƙafarsa ya tako daga Gaya har bakin teku a bayan garke. Mutane su gyaɗa kai cikin girmamawa. Yana juya baya su ƙyalƙyale, don kaf Zango har masu tallar ruwan leda sun san dalili.

Kaka yana da tsagewa a dubura. To, na faɗa. Shi har ya koma ga Allah bai taɓa kiran sunan abin ba, "baƙon nan" yake cewa. Wanda ya ga na yi rashin kunya ya tuna ni jikarsa ce, tsakaninmu wasa halal ne, kuma shi ma bai taɓa raga mini ba. Mai-baki yake kirana tun ina rarrafe.

Da safe in ya ɗauki buta, gidan nan tsit yake yi. Yana tafiya bayi kamar wanda alƙali ya kira. Can sai mu jiyo salati, sannan wani nishi irin na motar gawayi a kan gada. Ya fito jiƙe da gumi, yana tale ƙafa kamar ya ɓoye ƙwai a wando. Inna, kakata, ta ce ya taɓa gaya mata a asirce cewa ji yake kamar fasasshiyar kwalba ce ke fita, ga jini, ga raɗaɗin da ke kai shi azahar. A asirce ɗin nan ne ta gaya wa duk matan unguwa.

Da abin ya tsaya ga tsayuwa, da mun ci dariyarmu mun bar shi. Amma akwai Yaya Ladi, yayarsa da ta goye shi bayan uwarsu ta rasu. Tana can Gaya, ta tsufa tukuf, idonta ya tafi, kullum sai ta sa jikokinta su ɗauki muryarta a waya su turo: Garba ya zo, ita kwananta ya matso. Daga Kwatano zuwa Gaya kuwa wuni ne cur a mota har da ɗoriya, kuma duk a zaune. Mutumin da ba ya iya zaman cin tuwo, ina zai iya? Sai ya koma ƙirƙirar uzuri. Bana damina ta ɓata hanya. Baɗi kasuwa ta buɗe. Sallah ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Amma ni na sha ganinsa a bayan ɗaki ya kanga wayar a kunne, yana maimaita saƙonta, yana share hanci da hannun riga.

Ya yanke wa kansa hukunci cewa basir ne, don basir ciwon manya ne, ana iya faɗarsa a gaban mutane. Duk mai maganin da ya kafa lasifika daga kasuwar Misebo zuwa ta Dantokpa ya san Kaka. Ƙarƙashin gadonsa kwalabe ne jere, baƙi da ja da wani mai kalar ruwan kwata. Akwai wanda ya sha ya ɗaure masa ciki kamar siminti. Ya koma ya kai ƙara, mai maganin ya ce ai alama ce ta aiki, ya ba shi na biyu don ya kwance na farko. Na biyun ya kwance har abin da ba a ɗaure ba. Ranar bayin gidanmu ɗaya tilo ya zama ɗakin Kaka, 'yan haya suka yi layi da butoci suna rawar da ba kiɗa, shi kuwa yana daga ciki yana ce musu haƙuri rabin imani ne.

Duk wannan bai taɓa abincinsa ba. Tsire da yaji da rana, gari da suga da yamma, ruwa kuwa sai dai na alwala. Inna ta kai masa kwaɗon zogale ko gwanda, ya tura kwanon da yatsa ɗaya ya ce, "Ganye abincin kaya ne, ni mai kaya ne." Na ce masa ai kayan, wato shanun, ba sa salati in za su yi kashi. Ya jefe ni da takalmi, bai same ni ba, kuma bai iya sunkuyawa ya ɗauko ba.

Da dabara Inna ta kai shi asibiti. Ta ce ƙirjinta ke ciwo, ya raka ta. Ni ma na bi, don ranar ba lakwal, wato makaranta, kuma ba zan bari a ba ni labari ba. Zemijan biyu, wato 'yan acaɓa, aka tsayar, Kaka ya hau nasa a karkace, gefe ɗaya a sama, kamar buhun da ba a ɗaure daidai ba. Muna shiga ɗakin likita ƙirjin Inna ya warke nan take, ta nuna shi ta ce ga mara lafiyar. Likitar mace ce, yarinya, ba ta kai 'yar autarsa ba. Kaka ya dubi Inna irin kallon da yake yi wa wanda ya sayar masa da saniya mai ciwon huhu. Aka kore ni waje, amma ƙofar ta katako ce, kunnena kuwa lafiya lau.

Bayan gardama mai tsawo ya yarda aka duba. Likita ta ce ba basir ba ne, fata ce ta tsage a bakin wurin, ta daɗe har ta ƙi haɗewa, saboda naman da ke zagaye da wurin ya ɗaure tamau, kullum bayan gida mai tauri yana sake buɗe ciwon. Ta ce ya ci ganye da 'ya'yan itace, ya sha ruwa da yawa, ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi, ga man shafawa. In an yi haka bai warke ba, akwai ɗan ƙaramin aiki da ake yi a sassauta naman. Kaka ya tambayi yadda ake kwantar da mutum. Ta ce a gefe, a naɗe ƙafafu. Sai na ji kujera ta faɗi.

"Yarinya," in ji shi, "tun ina saurayi nake riƙe ƙafar bijimi a kayar da shi a gefe, mutum ya zo ta baya da wuƙa. Ban taɓa ganin wanda ya tashi da kayansa cikakku ba."

Likita ta yi ta rantsuwa cewa aikinta ba fiɗiya ba ne, wurin ma daban. Ya ce ai bijimin ma haka ake lallashinsa. Ya fito ya wuce ni fuu, ya manta da hularsa.

Cikin duk abin da ta lissafa, ruwan ɗumi kaɗai ya ɗauka, shi ma sai da ya gyara mata. Ya ce in ɗumi yana magani, to mai zafi zai fi sauri. Ranar farko ihunsa ya tashi tantabarun maƙwabta. Da ya koyi surkawa kuma, sai ya ƙi bahon wanki babba, ya ce ɓarnar ruwa ce, ya ɗauki ƙaramar robar da Inna ke jiƙa wake. Kaka ba siriri ba ne. Ya shiga lafiya, fitowa ta gagara. Muka ji yana kiran Inna ƙasa-ƙasa da sunanta na yanka, abin da bai yi ba tun aurensu. Ta shiga ta ja, shiru. Ta fito ta ɗebi man gyaɗa ta koma. Ni dai ban gani ba, amma ƙarar da robar ta yi lokacin da ta sake shi, na rantse an ji ta har unguwar Jonke. Inna ba ta ƙara jiƙa wake a cikinta ba, shi kuma ya yi ta mita an yi asarar roba mai kyau.

Sai saƙo ya zo cewa Yaya Ladi ta daina fita tsakar gida. A nan Kaka ya fito da dabarar da ba wanda zai yi tunaninta sai dillalin shanu. Manyan motocin da ke sauko da shanu daga arewa suna komawa ba kaya. Ya ce zai shiga bayan ɗaya ya riƙe ƙarfe ya tafi a tsaye har Malanbil, garin bakin iyaka, ya ƙetare gada ya shiga Gaya. Inna ta ce ya ji tsoron Allah. Ya ce shanu suna yin tafiyar nan a tsaye kullum, ba wadda ta taɓa kai ƙara. Ya sa farar babbar riga, ya rataya tsaraba, ya hau yana ɗaga mana hannu kamar ɗan takara.

Abin da bai lissafa ba shi ne, motar da ba kaya tsalle take yi. Kowane rami sai ta cilla shi sama, ya sauko a kan wurin da yake gudun a taɓa, cikin kashin shanun da ba a wanke ba. Kafin a kai garin Bohikon yana dukan kan motar yana roƙon direba da girman iyayensa. Da la'asar sai ga shi an dawo da shi a kwance rub da ciki a bayan wata motar doya, farar rigar ta koma kore. Na ce, "Kaka, sannu da zuwa, ya mutanen Gaya?" Ko takalmi bai nema ba. Ya shige ɗaki ya juya wa bango fuska, kuma a ranar dariyar ta maƙale mini.

Inna ce ta tona asirin. Ta kira Gaya ta zayyana komai, har da robar wake. Washegari saƙo ya shigo, kuma da yake Kaka bai iya rage murya a waya ba, duk tsakar gida muka ji.

"Garba, ashe saboda ɗuwawu ka ƙi zuwa? Ɗuwawun da ni na wanke da hannuna har ka yi wayo? Je ka su yanka. In sun cire wani abu ma, me za ka yi da shi yanzu? Ni ba zan jira ka har abada ba."

'Yan haya suka tsere ɗakunansu suna toshe baki. Kaka ya kashe wayar ya sa a aljihu. Sannan ya ce wa Inna ta nemo masa hularsa a wurin yarinyar nan likita, kuma tunda za a je, a tambaye ta yaushe take da sarari.

Ranar aikin ya yi wasiyya, ya yafe wa kowa, ban da mai maganin Dantokpa. Ya sa Inna ta yi alkawarin tsayawa a ƙofa ta ƙirga abin da za a fito da shi. Kafin in gama cin biredina an gama. Da ya farfaɗo, abu na farko da ya yi shi ne ɗaga zanen da aka rufe shi, ya leƙa, ya daɗe yana dubawa kamar mai sayen rago. Ya sauke ya ce alhamdu lillahi, yarinyar tana da amana. Makonnin da suka biyo baya ya ci gwanda da zogale yana ɓata fuska, yana cewa don likita yake ci, ba don Inna ba. Kuma har ya mutu bai yarda aikin ne ya warkar da shi ba. Ya ce kwalaben ne suka yi aiki a makare.

Da ya warware ya hau mota ya tafi Gaya, a kan kujera, kusa da taga. Ya same ta da rai. Shi bai ba mu labarin komai ba da ya dawo, sai ƙorafin tsadar ruwa a hanya. Wata jikar Yaya Ladi ce ta gaya mini a waya. Ta ce da ya shiga ya yi sallama, tsohuwar ta ce ya matso, ta shafa fuskarsa tun daga goshi har gemu, ta ce wa ya ba shi izinin tsufa haka ba ta sani ba. Sai Alhaji Garba, wanda dillalan kara ke tsoron muryarsa, ya kifa kai a cinyarta ya yi ta kuka, tana bubbuga bayansa tana ce masa ya isa, ya isa, ai ka zo.

Ba ta kai damina ba ta rasu. Shi kuma bara ya bi ta, zazzaɓi na 'yan kwanaki. Allah ya jiƙan Kaka, ya yafe masa, ya yafe mini bakina. Allah ya haskaka kabarinsa da na yayarsa, ya haɗa su a inda babu nisa kuma babu ciwo. Amin.