Layin da Ya Yi Ta Durƙuso a Hoton Abdulgafar

Abdulgafar ɗinmu, mai gyaran firij a Akwatia Line, wani layi a unguwar Zango, ladabi ne ya yi masa katutu. Ko akuyar dattijo ce ta gifta sai ya rusuna mata. Kakarsa Hajiya Hadija ce ta horar da gwiwoyinsa da muciya tun yana yaro, har yau da gemunsa in ya ji muryar babba sai su lanƙwashe ba da shawararsa ba.

Hajiya ta daɗe da komawa Dosso, yanzu idonta ya fara hazo. Ta aiko da murya ta waya cewa kafin ganin ya ƙare tana son ta ga hoton layinsu gaba ɗaya, daga masallaci har bakin famfo, ba guntu-guntun da ake tura mata ba. A buga shi babba, a ba Mamuna mai goro da za ta tashi zuwa Dosso ranar Juma'a.

Abdulgafar ya bugi ƙirji. Wayarsa tana da wata dabara: ka tsaya wuri ɗaya, ka riƙa juyawa a hankali kamar fankar da ba ta da lafiya, wata 'yar kibiya tana bin layi, waya kuma tana ɗinke hotunan su zama ɗaya mai tsawon turmin zani. Sharaɗin guda ne, kada hannu ya sauka.

Ya tsaya tsakiyar layi da hantsi, ya fara daga masallaci. Ya taho sumul har ƙofar Malam Boukari, wanda ke kan benci yana shan koko.

"Abdulgafaru, an tashi lafiya?"

Gwiwoyi suka yi aikinsu. A hoton, rufin gidan Malam ya sauko ya sumbaci kwata.

Ya sake, Mma Safia mai sayar da waake, wato shinkafa da wake, ta tambayi lafiyar yara. Ya hau rufin shagonsa, tsofaffi suka ɗaga kai suna gaishe shi, saura ƙiris ya rusuna a cikin tukunyar wani. Ya toshe kunne da auduga, amma ido yana ganin farin gemu. Da ya roƙi jama'a su ɗan yi shiru, sai kowa ya tsaya yi masa sannu da aiki.

Alhamis ta yi, dole ya zaɓi mai dama-dama ya kai wurin masu buga allon talla a unguwar Oforikrom. Mai injin ya tambaye shi yaushe aka yi girgizar ƙasa a Zango bai ji ba. Abdulgafar ya naɗe hoton kamar tabarma, ya miƙa wa Mamuna yana kallon ƙasa.

Da hoton ya isa Hajiya ta kira, muryarta fal dariya. Ta ce an shimfiɗa mata shi a tsakar gida, ta bi shi da yatsa gida-gida, ba abin da ya ɓace mata. Inda duk layin ya lotsa ta san jikanta ne ke gaida mutane, Allah ya yi masa albarka. Abdulgafar ya fara kumbura kamar burodin kasuwar Kejetia.

"Sai dai ƙofar Fusena ta fito a miƙe sambal," in ji ta, "ga ta kuma zaune a kujera. Wato a tsaye ka wuce ta?"

Ya ce Mma Fusena gyangyaɗi take yi, ga kuma kibiya. Hajiya ta ce ita ba ta san wata kibiya ba, ya tafi yanzu ya ba da haƙuri, kada ya kashe wayar.

Mma Fusena ba ta san an yi laifin ba, amma ta yafe. Ta karɓi wayar, tsoffin ƙawaye suka buɗe hirar shekaru, har da waɗanda suka mutu da waɗanda suka ƙi mutuwa. Abdulgafar yana nan durƙushe a gabanta, yana addu'ar caji ya ƙare.