Hammajoda da Kwanar Ƙofar Dumi

Hammajoda ya shekara ashirin da shigowa Bauchi, amma har yau idan ya tsaya gaban motarsa sai ka rantse garke yake dubawa. A wata ruga ta wajen Alkaleri aka haife shi. Yanzu dusa da maganin dabbobi yake sayarwa a bakin Kasuwar Muda Lawal, rumfata tana jikin tasa, gidana ma haka. Ni Babarbare ne, shi Bafillace, don haka duk abin da na faɗa a kansa halal ne, gado muka tarar.

Motar ƙaramar bas ce mai kujera bakwai, ruwan toka. Bijimai biyu ya sayar ya saye ta, ta hannu ce, don kai yara makaranta da kai uwargida Hamsatu unguwa. Lafiyarta ƙalau, sai abu ɗaya: tiyon man sitiyari yana yoyo tun ranar da aka kawo ta. Habila makanike ya ce a canza tiyon, aikin awa ɗaya ne. Hammajoda ya ƙi. Hujjarsa ita ce dabbar da take sha kullum ba a jin tsoronta, wadda ta daina sha ita ake kwana a kanta. Habila ya dube shi, ya dube ni, ya koma ƙarƙashin motar da yake gyarawa.

Saboda haka kafin motar ta fita kowace rana akwai shayarwa. Zai ɗaga bonet, ya kwance murfin 'yar tukunyar man sitiyari, ya goge tsinken awon man da tsumma, ya mayar, ya zaro, ya ɗaga shi sama yana kallo kamar mai duban haƙoran maraƙi. Sai ya tsiyaya jan man a hankali har ya kai layi, ba ya wucewa ko ɗigo. Ya tayar da inji, ya murza sitiyari dama da hagu yana kasa kunne. Idan bai ji kuka ba sai ya shafa bonet ya ce ta ƙoshi. Robar man kuwa tana ƙarƙashin kujerar tsakiya, naɗe a cikin buhu, inda yara ba sa kai hannu.

Ɗayar halayyarsa ita ce kunya. Shekara goma muna maƙwabtaka ban taɓa ganin loma ta shiga bakinsa ba. Ko ruwa zai sha sai ya zagaya bayan buhuna. A gaban surukai kuwa bango ya fi shi magana. Shi a wurinsa namiji ya nuna gazawa a gaban uwar matarsa, ko ya nuna abinsa yana da aibi, gara ƙasa ta tsage ya shige.

Rannan surukarsa, wadda kowa ke kira Dada, ta zo daga ruga saboda sunan jikarta a gidan Habibatu, ƙanwar Hamsatu, a wani lungu na Ƙofar Dumi. Hammajoda ya kwana biyu a kasuwar shanu, motar tana ajiye tana ta ɗiga. Ya dawo bayan azahar don ya kai su, ya tarar Dada ta riga ta shiga, ta zauna a kujerar tsakiya, ƙafafunta daidai kan buhun nan. Ni ma na shiga gaba, zan yi wa maigidan Habibatu barka.

Na ga ya dubi bonet, ya dubi ƙasa. Ɗaga bonet a gabanta daidai yake da cewa motar da ya ɗora 'yarta a kai ba ta da lafiya. Cewa ta janye ƙafa kuwa, wannan ko a mafarki. Ya durƙusa daga nesa ya gaishe ta, ya shiga, ya tayar.

Kan babban titi ba laifi, mota in tana gudu sitiyari yakan ɗan saurara. Amma da muka shiga cikin gari, 'yan acaɓa suka rage mana gudu, sai ta fara. Ya ɗan taɓa sitiyari ta yi wani gurnani kamar saniyar da aka raba da ɗanta. Ya yi tari don ya rufe. Jijiyoyin hannunsa suka tashi, gumi yana bin gemunsa, fuskar nan kuwa kamar yana sauraron karatu.

Lungun Habibatu kwana ce mai kaifi ta hagu, ga kwata a gefe ɗaya, ga teburin mai gyaran takalmi a ɗaya gefen. Ko da lafiyayyen sitiyari sai an yi gaba an yi baya. Ya kunna sigina. Ya rage gudu. Ya gwada murzawa, sitiyari ya tsaya kamar turke. Sai ya kashe sigina ya wuce.

Hamsatu ta ce, a hankali, an wuce lungun. Ya ce ya sani. Na buɗe baki, ya yi mini wani kallo ta gefen ido wanda na san in na yi magana maƙwabtaka ta ƙare. Lungu na biyu ya zo, muka wuce. Na uku ma haka. Duk inda hanya ta miƙe nan muke bi. Shaguna suka ragu, gidaje suka fara rarrabuwa, sai ga gonakin masara. Ni dai na fara tunanin ko ina da dangi a Gombe.

Dada kuwa tun fitowarmu kunnenta yana kan motar. Matar da ta yi shekara sittin tana jin kukan shanu ba za a ɓoye mata ƙishirwa da tari ba. Da muka zo daidai wata bishiyar ɗorawa, sai ta yi magana, ba da shi ba, da 'yarta.

"Hamsatu, ki ce wa maigidan ya tsaya a inuwar can. Ban yi azahar ba."

Hamsatu ta fara cewa ai tare suka yi a gida, sai na ji ta ja numfashi kamar wadda aka mintsina. Ta isar da saƙo.

Ya tsaya. Dada ta sauka da butarta, ta ja 'yarta, suka zagaya bayan bishiya, ta ba motar baya. Ban taɓa ganin mutum mai shekara hamsin ya yi sauri irin na Hammajoda ba. Buhu, roba, bonet, murfi. Tukunyar nan ta bushe ƙayau, ta shanye kusan rabin robar. Ya tayar, ya murza dama da hagu har kukan ya lafa, ya rufe bonet da tafin hannu don kada ya yi ƙara, ya juya motar ta fuskanci gari, ya koma ya zauna ya gyara hula.

Azahar ɗin nan ta yi tsawo. Na ƙirga raka'a ta fi takwas. Sai da komai ya yi tsit sannan ta sallame.

Da ta dawo ba ta tambayi yadda aka yi mota ta juya ba. Ta ce wa Hamsatu masarar bana ta yi kyau, Allah Ya yi wa maigidan albarka da ya kawo ta ta gani da idonta. Hammajoda ya ce amin, kansa a ƙasa.

Kwanar Ƙofar Dumi ya sha ta da hannu ɗaya, ko teburin mai takalmi bai girgiza ba. Mun tarar an fara raba tuwo.

Washegari da sassafe na ga motar a garejin Habila, an ɗaga bonet, ana kwance tiyo. Na tambayi Hammajoda ko ya sauya ra'ayi ne. Ya ce shi bai sauya komai ba, Hamsatu ce ta kawo masa saƙo wai gwiwoyin Dada ba sa jure doguwar salla.