Ramukan Azara a Hoton Mijinta

A shekarun da kuɗin man fetur ya shigo, kowa a Kano gini yake so ya yi. Na lura mai gini ba ya rasa bukatar tayil da famfo da makullan ƙofa, sai na riƙa zuwa Landan ina saye ina aikawa ta jirgin ruwa. Otal ba ya cikin tsarina. Ɗaki na kama a Lewisham, a gidan wata tsohuwa 'yar Rasha da ta zo ƙasar da mijinta bayan yaƙin duniya na biyu. Ya rasu kafin in san gidan. Ina kiranta Iya, ita kuma tana ce mini Alhaji, duk da na sha gaya mata ban je ba tukuna.

Wata Lahadi da hantsi na sauko na same ta a kicin, ta sa wani kwali a gaba. Hawa bene ya gagare ta, kansul, wato ƙaramar hukumarsu, ta ba ta wuri a gidan tsofaffi, ɗakin can kuwa akwati biyu kawai zai ɗauka.

Na ce, "Iya, wannan fa?"

"Takardun mijina ne da hotunansa. Ko bola, ko jami'a. Ina ga bolar ta fi rufin asiri."

A ƙasarsu mijin nata masanin tarihi ne mai tonon kufai. Kafin yaƙi ya yi aiki a tsohuwar fadar wani babban limamin coci, ginin dutse da bulo mai shekaru ɗaruruwa. Ya dage cewa a da akwai ɗakuna jingine da fadar, waɗanda aka ƙara daga baya suka rushe. A Landan gadin ƙofa ya samu a wani otal. Duk masanin da ya kai wa takardun nan, shayi yake ba shi ya raka shi waje. Tsoronta ke nan: kada ta kai a sake yi masa dariya, yanzu da ba shi da bakin kare kansa.

Na ce, "Ni ba malami ba ne, amma ubana magini ne. Na kwaɓa ƙasa da ƙafata tun kafin in san kasuwa. Miƙo in gani."

Rubutun ban iya karanta ko harafi ba. Hotunan na baje. A na farko ga bango ta waje, can sama akwai ramuka a jere, tsayinsu ɗaya, tazararsu ɗaya. Na san su kamar yadda na san soron gidanmu.

"Iya, nan kan katakon rufi yake shiga, yadda muke kafa azara. Wa zai kafa azara ta waje in ba ɗaki a wurin? Rufi ba ya tsayawa a iska."

Ganinta ya yi rauni, sai na kama yatsanta na bi da shi kan ramukan ɗaya bayan ɗaya.

A hoto na biyu ga ƙofa da aka toshe, bulon toshiyar ya fi na bangon ƙanƙanta. A na uku an haƙa rami, tushen wani bango ya zo ya tokare da tsohon, bai shiga cikinsa ba. Na ce mata haka ake yi a garinmu in ɗa ya yi aure aka ƙara masa ɗaki. Jingina sabon bango ake yi, kuma ko bayan shekara hamsin gaɓar tana nan.

Sai ta zaro zanen da ya yi da hannunsa. Ɗaki uku ya zana.

"To, duk gaskiya ne?"

Na ga abin da take so ta ji. Amma ban taɓa sayar wa mutum tayil mai tsaga na ce masa lafiyayye ne ba.

"Biyu na gani, zan iya rantsuwa a kansu. Na ukun ban ga komai ba."

Har na fara nadama. Can sai ta fashe da dariya, tana share ido da gefen mayafinta.

"Halinsa ke nan! Kifi biyu zai kamo, kafin ya iso gida sun zama uku."

Washegari ta sa hularta ta zuwa coci, muka hau bas zuwa Aldwych, kwalin a cinyata. A bakin ƙofar jami'ar ta ce in jira, ita za ta shiga da shi. Na ɗora mata a hannu, na tsaya ina kallon motoci. Ranar na rasa ganawa da mai sayar mini da famfo, ban kuma damu ba.

Ta daɗe. Da ta fito, hannunta babu komai.

"Iya, me suka ce?"

"Wata mata ce. Ta sa tabarau, ta daɗe a kan hoton ramukan nan naka. Sannan ta ba ni takarda ta ce in rubuta mata sunansa da haruffanmu, yadda shi yake rubutawa."

"Ɗaki na ukun fa?"

"Na ce mata akwai wani Alhaji da bai yarda da shi ba."

Ta riƙe mini hannu muka tsallaka titi a hankali, don bas ɗinmu ta wancan gefen take tsayawa.