Gwaggona da Kunun Suna

Har yau in na ji warin jiƙaƙƙiyar dawa ta fara tsiro, gwaggona nake tunawa, kuma ba da alheri ba.

Zamanin Turawa ne, lokacin da ake haƙar zinariya a dajin Birnin Gwari. Mijinta masinja ne a ofishin Di'o, Baturen mulki, shi ya sa take taku kamar ita ta haifi Di'on. Da innata ta haifi ƙanina, sai ta taso daga gari zuwa ƙauyenmu wajen Randagi, ta karɓe aikin kunun zaƙin suna, ba wanda ya roƙe ta.

A lokacin tsiron dawa ke kawo zaƙi. Sai an dama gasara da tafasasshen ruwa, a bar ta ta huce har yatsa ya iya zama a ciki, sannan a zuba garin tsiron a rufe tukunya. Kafin safiya kaurin ya saki, zaƙi ya fito. In ta huce da yawa, tsiron kwanciya yake yi. In da zafi sosai, mutuwa yake yi.

Innata na ɗakin jego, ta ɗaga murya ta ce, "Yaya, a bari ta sha iska tukuna."

"Ni za ki koya wa kunu?" in ji gwaggo. Ta juye tsiron alhali tukunya na ta tururi, don tana saurin zuwa nuna wa mata zanenta na kanti.

Gari ya waye kunu na nan kamar fate, salam. Baƙin da suka zo suna daga Saminaka suka kurɓa, suka ture ƙoƙo. Gwaggo ta tafa hannu a tsakar gida, ta ce ai mai jego ce ta shanya tsiron, hannunta ne ba albarka. Babana ya ji komai, ya sunkuyar da kai don kada ya ƙaryata yayarsa. Innata, wadda a da kowane gidan biki ke aiko mata, ba a sake kiranta damun kunu ba.

Gwaggo ta rasu ba ta nemi gafararta ba.

Yanzu jikokina sukari suke antayawa, kowace mai gaggawa ta zama gwana. Da gwaggo ta riski wannan zamani da ta more, don babu tukunyar da za ta tona mata asiri.