Tsakuwar Malam Isyaku

Ina cikin takaba, ana tsakiyar yaƙin basasa, Malam Isyaku mai garuwa yakan ajiye mini ruwa a zaure ya wuce, ko godiya ba ya jira.

Famfonmu na unguwar Jakara ya ƙafe, kuma shi ƙafewar famfon ita ke kawo masa ciniki. Amma duk ranar da famfo bai kawo ba sai ya jefa tsakuwa a gwangwani, ran Litinin ya je ofishin ruwa ya zube musu a tebur. Ana ce masa, "Haba Baba, ana yaƙi wa yake ta famfo?" Ba wanda ya taɓa raka shi.

Da ciwo ya kwantar da shi na je dubiya, na tarar da shi shi kaɗai. Ya ce, "Lauratu, jibi Litinin. Don Allah nemo mini wanda zai kai musu tsakuwar."