Telan da Ya Je Neman Shaidar Mai Haraji

Kafin ka gan shi za ka ji shi: ƙyas-ƙyas-ƙyas, ƙarar almakashi daga bakin layi. Tela ne mai yawo da keken ɗinki a kafaɗa. Unguwa ta sa masa suna Ba-Zama, don ko abinci a tsaye yake ci. Shekara ashirin da biyu yana ɗinke wandon da ya yage, yana canza zif, amma sunansa bai taɓa shiga takardar hukuma ba. Da ya hango mai jaka da littafin rasit, sai ya saɓi kekensa ya bi lungu.

Bana kafaɗar ta fara gardama. Kullum da safe sai maiɗakinsa ta gasa masa ita da ruwan zafi kafin hannun ya ɗagu, ga yara huɗu. Ita ta jiyo a rediyo cewa an fito da sabon tsari: mai ƙaramar sana'a da ke da yara ba za a karɓi haraji a hannunsa ba, shi ma za a riƙa ba wani abu duk shekara. Ranar Alhamis za a rufe rajista.

"Baban yara, kuɗin zai isa ka kama rumfa ka sauke keken nan," in ji ta.

"Kin taɓa ganin kura tana rabon nama?"

"To zauna. In kafaɗar ta cire sai in riƙa goya ku, kai da keken."

Ranar Talata ya je ofishin haraji. Bai zauna kan benci ba, ya yi ta kai da kawowa tsakanin taga da ƙofa har layi ya zo kansa. Ma'aikaciyar, yarinya ce sa'ar 'yarsa, ta ɗauki biro.

"Baba, nawa kake samu a wata?"

Bakinsa ya riga shi. "Ni? Ko sisi, 'yata. Ba na komai."

Ta ajiye biron. "To ai wannan tsarin na masu sana'a ne."

"Tsaya, tsaya! Ina da sana'a."

"Yanzu ka ce ba ka komai."

"Waccan amsar masu haraji ce."

"Baba, nan ɗin ina ne?"

Mutanen layi suka kwashe da dariya. Ita ma sai da ta dara, sannan ta miƙa masa takarda, ta ce ya kawo shaida: tsohon rasit, ko katin ƙungiya, ko sa hannun wani ma'aikacin hukuma da ya san aikinsa.

Laraba ta ƙare masa a kan hanya. Shugaban teloli ya ce, "Shekara nawa muna kiranka taro kana cewa sauri kake yi?" Masu kawo masa ɗinki suna da yawa, amma babu mai hatimi a cikinsu. La'asar ta yi yana tsaye a bakin titi yana murza kafaɗa, sai ya tuna ma'aikacin hukuma ɗaya tak da ya san sana'arsa: wani mai karɓar haraji da ya daɗe yana binsa, ya yi ritaya tuni.

Da tambaya ya gano gidan. Ya tarar da tsohon a ƙofar gida kan kujerar roba, ya miƙe ƙafafu. Sau biyu Ba-Zama yana wuce shi kafin ya yi sallama ya faɗi abin da ya kawo shi.

"Wane tela?" in ji tsohon.

"Na layin masu kayan gwangwan, Yallaɓai. Mai almakashi."

Tsohon ya ƙura masa ido. "Shekara goma sha ɗaya ban taɓa ganin fuskar mutumin nan ba. Ƙeyarsa na sani. Juya."

Ba-Zama ya juya.

"Ɗan taka."

Ya taka.

"Wallahi shi ne! Kai, ka san takalma nawa ka kashe min? Abin da aka ce in karɓa a hannunka bai kai kuɗin takalman ba. Na sha gaya wa manyanmu, wanda bai ƙoshi ba me za ka tatsa a jikinsa? Miƙo takardar."

"Yallaɓai, na baya fa? Ba za su ce in biya ba?"

"Ka ji an ce haka a rediyon?"

"A'a."

"To miƙo min gilashin idon nan, ka daina rawar ƙafa, kana sa ni jiri."

Ranar Alhamis shi ne na uku a layi. Ma'aikaciyar ta duba sa hannun, ta sake tambayarsa abin da yake samu, ya faɗa a hankali kamar ana cire masa haƙori. Ta ce wasiƙa za ta zo cikin wata uku.

"Ina za a kai maka? Adireshi, Baba."

Ya waiga ya dubi ƙofa. Ya gyara tsayuwa, ya sake gyarawa. Sannan ya sunkuya kusa da tagar, ya faɗa mata sunan layin da lambar gidan, har ya ƙara da cewa ɗaki na biyu ne daga hagu, kusa da famfo.